Yadda na shiga cikin mawaƙan cocin kaboyi a Teksas

Tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya nake waƙa a coci. A garinmu, can tsakanin Zariya da Funtuwa, hanyar shiga kwaya a bayyane take: ka je wurin shugaban mawaƙa, a rubuta sunanka a littafi, ka biya kuɗin ɗinkin riga, a saurari muryarka a faɗa maka layin da za ka tsaya, shi ke nan. Da wannan tunanin na tunkari mawaƙan wani cocin kaboyi a jihar Teksas, kuma shi ya sa abin da zai ɗauke ni wata biyu ya ci mini wata biyar. Na san akwai 'yan'uwa da ke zuwa karatun noma da kiwo a wannan yanki, wasunsu kuma za su tsinci kansu a ƙananan garuruwan da ba cocin 'yan gida ko ɗaya. Domin su na rubuta wannan.

A watan Agustan 2023 na sauka, don karatun digiri na biyu a fannin kiwon dabbobi, bayan 'yan shekarun da na yi ina aiki da shanu a Shika. Garin da jami'ar take ƙarami ne, kudu maso yamma da Fort Worth. Cocin 'yan Najeriya mafi kusa yana wajen Dalas, ni kuma ba mota. Na yi Lahadi shida ina sujada ta waya a ɗaki. Wani dattijo da ke kula da shanun gonar jami'a, wanda nake kira Baba har ya saba da sunan, shi ya ji ina rera waƙa muna wanke kwamin ruwa, ya ce ranar Lahadi zai zo ya ɗauke ni ƙarfe tara. Bai gaya mini irin cocin ba, ni ma ban tambaya ba. Na fito da kaftani na shadda, na kafa hula, na goge takalmi har yana ɗaukar ido. Da Baba ya gan ni sai ya yi murmushi kawai, ya ture igiya da buhun abincin kare daga kujerar gaba ya ce in shigo.

Ginin kwano ne, kamar ma'ajiyar hatsi, daɓen siminti, kujerun ƙarfe masu naɗewa. A bayansa akwai fili mai yashi da aka kewaye da bututun ƙarfe, dawaki a ɗaure jikin tireloli. Mutane sun shigo da wandon jins da takalman da kashin shanu bai gama bushewa a kansu ba, kowa da kofin kofi a hannu, maza ba sa cire malafa sai lokacin addu'a. Ba a zagaya da faranti don baiko. Wata tsohuwar garwar madara ce a bakin ƙofa, mai niyya ya jefa. Na yi tsuru-tsuru a cikin shaddata. Amma da aka soma kiɗa sai na manta da kayan jikina. Jita biyu, gogen Turawa, wata ƙatuwar jita mai kaurin murya da ake tsayawa a kaɗa, da wata kuma da ake kwantar da ita a kan ƙafafu ana goga mata sandar ƙarfe, tana kuka kamar mutum. Waƙoƙin suna maganar shinge, da fari, da ɗan maraƙin da ya ɓata a cikin ƙaya, da ranar da Mai garke zai tara dabbobinsa ya duba shaidar da ke jikin kowace. Na fahimci rabin kalmomin, amma maganar kam na san ta tun a gida. Kafin a tashi na riga na yanke shawara sai na tsaya a cikin waɗannan mutane na yi waƙa.

Kuskurena na farko shi ne neman ofis. Na tambayi wata mata ina ofishin fasto da ranar ganinsa, ta ce in zo Talata da yamma, yana filin dawaki. Na zo da katin baftismata a cikin leda, da wasiƙar da faston garinmu ya rubuta mini mai hatimi. Na tarar da faston zaune a kan shinge yana kallon masu jefa igiya. Ya karɓi takardun, ya juya su, ya miƙo mini ba tare da ya karanta ba. Tambaya biyu ya yi mini: ko na ba da gaskiya ga Yesu da kaina, da kuma ko nitsar da ni aka yi a ruwa. Na ce a rafi ma kuwa. Ya ce to magana ta ƙare, ni ɗan'uwa ne. Da na kawo zancen waƙa sai ya ce a nan ba fasto ke ba da wannan izini ba, kowane aiki yana da ƙungiyarsa da jagoranta, kuma sabon zuwa ba ya farawa da dandamali. Ya nuna mini ƙofar da ake sakin shanu ya ce suna neman hannu a can. Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. A hanyar komawa ina ta saƙe-saƙe, ko don fatata ce aka tura ni wajen dabbobi. Sai daga baya na ji cewa mai jitar kwancen nan, wanda ya fi kowa iya kiɗa a wurin, ya daɗe yana buɗe wannan ƙofar kafin ya taɓa hawa dandamali.

Akwai dalili. Waɗannan coci-coci an kafa su ne don mutanen da ba sa jin daɗin shiga coci mai kafet da taye: masu kiwo, masu sukuwar rodiyo (gasar hawan doki da jefa igiya), masu yi wa dawaki takalmi. A Teksas abin ya bunƙasa ne daga wajen 2000, lokacin da aka buɗe wani a Waxahachie da goyon bayan Baftis na jihar, daga nan kuma ya bazu. Filin dawakin shi ne ƙofarsu ta gaba. Mutum zai zo jefa igiya ranar Talata har wata da watanni, a tsakiyar wasa a tsaya minti goma a karanta aya ɗaya, wata rana sai ka gan shi ranar Lahadi. Saboda haka wanda bai san filin ba, a ganinsu bai san mutanen da zai yi wa waƙa ba.

Kafin in taɓa ƙofar sai da na sa hannu a takardar yafe alhaki, wadda ke cewa idan doki ya harbe ni ko sa ya take ni ba zan kai ƙara ba. Dokar Teksas ce ta ba da wannan kariya ga masu harkar dabbobi, har akwai allon gargaɗi a jikin shingen. Kyauta ce, minti biyar. Na yi Talata bakwai ina naɗa wa ƙananan bijimai kariya a gindin ƙaho don kada igiya ta yanke su, ina kora su cikin siririn lungu, ina sakin su ɗaya bayan ɗaya. Mahaya biyu ke bin kowane, ɗaya ya zarge ƙaho, ɗaya ya zarge ƙafafun baya. A nan ne abin da na koya a gida ya yi mini rana. Samarin wurin suna kora da ihu da duka. Ni kuwa na saba da shanunmu bunaji da rahaji, waɗanda in ka yi musu ihu ka shiga uku. Ina tafiya a gefen kafaɗar dabba ina ɗan gunguni da waƙa, sai su bi lungu salin-alin. Baba ya ce haka kakanninsu suke yi a zamanin da ake kora garke daga Teksas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a Kansas, tun daga 1867: masu gadin dare suna zagaya shanu suna waƙa a hankali don kada su firgita su watse. Ya ce daga can waƙarsu ta samo jinkirinta. A Talata ta bakwai jagoran mawaƙa, wanda ashe yana cikin mahayan, ya tsayar da dokinsa kusa da ni ya ce in zo gwaji ranar Alhamis.

Na zaci an gama, ashe takarda ta biyu na jira. Da yake akwai 'yan mata biyu 'yan sakandare a cikin mawaƙan, duk babban da zai shiga sai an binciki tarihinsa. Sakatariyar cocin ta turo mini fom ta intanet. Yana neman lambar shaidar ma'aikata ta Amurka, wadda na samu saboda aikin da nake yi a gonar jami'a, da kuma adireshin duk inda na zauna shekara bakwai baya. Nan gizo ya yi saƙar. Fom ɗin ba ya karɓar adireshin da ba na Amurka ba, ni kuma wata huɗu kacal na yi a ƙasar. Na cika sau uku yana dawowa. Kamfanin binciken ya riƙe maganar mako uku, har Kirsimeti ta wuce, ni kuma kunya ta hana ni tambaya, ina ganin kamar ana zargina da wani abu. Da na daure na yi wa sakatariyar magana, sai ta buga musu waya a gabana, suka ce in turo hoton fasfo da biza da takardar shaidar ɗalibta, su yi da hannu. Kwana huɗu aka gama. Cocin ne ya biya kuɗin. Da na yi magana tun makon farko, da ban rasa waƙoƙin Kirsimeti ba.

A wannan jiran ne na sayi kayan aiki. Jita ta hannu a shagon jingina, dala 140. Sababbin tsirkiyoyi da ɗan maƙallin da ake matse wuyan jita da shi don ɗaga murya, wajen dala 25. Takalman kaboyi na gwanjo, dala 55, waɗanda ba don ado na saya ba, don sau biyu sa yana taka mini yatsa. Malafa kam na ƙi saya. Suna da wata ba'a da suke yi wa mai ƙatuwar malafa alhali ba shi da ko saniya ɗaya, ban so ta faɗa kaina ba. Har yau da hulata nake hawa dandamali, kuma ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Wani abu kuma da na kusa yin ganganci a kansa shi ne kuɗi. Mawaƙan sukan je wasa a wuraren taron kiwo ko jana'iza, a ba su abin goro su raba. Jagoran ya ambata mini haka da kyakkyawar niyya, yana ganin ɗalibi ne ni, zai taimaka. Allah ya sa na biya ta ofishin ɗaliban ƙasashen waje na tambaya. Na jira kwana biyu kafin in samu ganin ma'aikaciyar ofishin, ganawar kuma ba ta kai minti goma ba. Ta ce bizar karatu ta ba ni damar aiki a cikin jami'a kawai, awa 20 a mako lokacin karatu. Waƙa a coci don sa kai ba laifi, amma duk abin da aka ba ni saboda na yi waƙa, ko tsabar kuɗi ko katin sayayya, ana iya ɗaukarsa ladan aikin da ba a ba ni izini ba. Na koma na gaya wa jagoran. Tun daga nan kasona yana shiga garwar madara, ni kuma a cika ni da gasasshen naman ƙirjin bijimi.

Alhamis ta farko a watan Janairu ita ce ranar da na fi jin kunya a duk tafiyar. Na zo ina jiran a raba takardar waƙa. Ba takarda. Jagoran ya faɗi harafi ɗaya, mai goge ya ja gabatarwa, kowa ya faɗa ciki, ni ina riƙe da jita kamar an ba ni ajiya. Can sai jagoran ya juyo yana ɗaga mini yatsu: ɗaya, huɗu, ɗaya, biyar. Na ɗauka ƙirgen bugu yake yi, sai na ƙara rikicewa. Na koma ɗaki jiki a sanyaye, har na rubuta saƙon ban haƙuri cewa karatu ya yi mini yawa, ban dai tura ba. Da tsakar dare abin ya faɗo mini. Makaɗan birnin Nashville ne suka yaɗa wannan salo na kiran amon jita da lamba a maimakon harafi, don ko an canza tsayin murya lissafin bai canza ba. Ɗaya ita ce do. Huɗu ita ce fa. Biyar ita ce so. Ashe do-re-mi ɗin da malamin kwayarmu ya dinga dukan allo a kai shekara da shekaru, shi ne dai aka sa masa lamba. Na tashi na ɗauki jita a hankali don kada in ta da maƙwabta, na bi waƙoƙin daren nan guda uku ba tuntuɓe. Duk wanda ya taso a kwayar gida ya riga ya san wannan lissafi, suna kawai aka sauya masa.

Abin da ya fi ba ni wuya ba yatsu ba ne, murya ce. Mu a gida waƙar coci da ƙarfi ake yin ta, a buɗe ƙirji, ganga da tulu da kacau-kacau suna ingiza ka gaba. Su kuwa muryoyi uku suke haɗawa kusa da juna har ka kasa rarrabe su, salon da ƙungiyar Sons of the Pioneers ta yi suna da shi tun shekarun 1930. Aka ba ni muryar ƙasa. Jagoran ya yi ta ce mini in rage, in rage, har na ji kamar raɗa nake yi, sannan ya ce yanzu na zo daidai. Bugun kuma yana ɗan jan ƙafa, kamar doki mai komawa gida da yamma, ni kuwa jinina yana son in riga shi. Mako biyar na yi ina zuwa gwaji ban hau dandamali ba, sannan aka bar ni in tsaya a baya, makirfona a rage. A tsakanin waƙoƙi mai goge kan ba ni tarihi. Shi ya ba ni labarin Stuart Hamblen, ɗan Teksas, mawaƙin kaboyi a rediyon Los Angeles, wanda ya tuba a taron tantin mai wa'azi Billy Graham a 1949 ya koma rubuta waƙoƙin bishara. Ya ce yawancinsu a nan labarinsu ke nan: sun daɗe suna kiɗa a mashaya kafin su kawo jitar coci.

Da na ɗan samu wurin zama sai na nemi abin da tun farko nake so, wato in sa Hausa a cikin kiɗan nan. Na zaɓi wata waƙa da nake ƙauna, na fassara baiti biyu, na yi niyyar mu rera a ɗauka in ɗora a YouTube don mutanen gida su gani. Sakatariyar ce ta taka mini birki. Ta ce cocin yana biyan CCLI, kamfanin da ke ba coci-coci izinin amfani da waƙoƙi, kuɗin lasisi duk shekara don haska kalmomin waƙa a bango, da wani kuma daban don watsa sujada a Facebook, amma lasisin na coci ne, ba ya bina gida. In fassara waƙar wani in ɗora a shafina, sai da izinin mai haƙƙinta. Na rubuta wa kamfanin da ke riƙe da waƙar sau biyu, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ta ce hanya biyu ta rage: ko in ɗauki tsohuwar waƙar da haƙƙinta ya ƙare, wanda a 2024 yana nufin wadda aka buga kafin 1929, tunda shekara 95 ake ƙirgawa, ko in yi tawa.

Na yi tawa, a kan Zabura 23 da kuma ayar da suke ƙauna a Zabura 50, mai cewa dabbobin da ke kan tuddai dubu na Ubangiji ne. Mai goge ya taya ni gina karin, mai bugu uku-uku. A nan na gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba a tsofaffin waƙoƙinmu na coci: sau da yawa karin baƙi yana take dogon wasali da hawa da saukar muryar Hausa, mun dai saba ne. Da yake wannan karon karin namu ne, sai na sa aka lanƙwasa shi ya bi kalmomin. Kalmar makiyayi kaɗai ta ci mana dare guda, don in ja “ya” da “yi” yadda Bahaushe ke jan su. Jagoran ya ba da shawarar mu yi wa waƙar rajista a ofishin haƙƙin mallaka na Amurka, ko da yake ba dole ba ne. Na shiga da niyyar biyan dala 45, sai na ga wannan na aikin mutum ɗaya ne. Tunda mu biyu ne, dala 65 muka biya, muka raba.

A tsakiyar Maris muka rera ta. Ranar akwai baftisma, an jawo kwamin shayar da shanu na ƙarfe har gaban dandamali an cika shi da ruwan ɗumi, aka nitsar da wani mai yi wa dawaki takalmi da 'yarsa. Kafin in fara, fasto ya ce in bayyana kalmomin. Na gaya musu cewa a Turanci mai kiwon tumaki da mai kiwon shanu suna daban-daban gare su, amma a harshenmu kalma ɗaya ce, don haka idan Bahaushe ya karanta cewa Ubangiji makiyayinsa ne, yana iya ganin mutum da sanda a bayan shanu. Wurin ya yi tsit, sannan wani tsoho a baya ya ce amin da ƙarfi. Ban gaya musu nauyin da kalmar ta ɗauka a yankinmu a shekarun nan ba, da gonakin da aka yi rigima a kansu, da mutanen da muka binne. Amma yana raina sa'ad da nake rerawa, kuma muryata ta ɗan karye a baiti na biyu. Mai jitar kwance ya rufe mini gurbin.

Ga mai son bin wannan hanya, kada ya ɓata lokaci da wasiƙu da hatimi. Ya tambayi ranar da ake taruwa a filin dawaki, ya je da kayan da ba ya jin asararsu. Ya nemi fom ɗin binciken tun makon farko, ya faɗa musu tun da wuri cewa adireshinsa na baya ba na Amurka ba ne, ya riƙe hoton fasfo da biza a waya. Idan da bizar karatu yake, kada ya karɓi ko sisi kafin ya tambayi ofishin ɗalibai. Ya tuna do, fa, so. In kuma yana da burin sa Hausa a ciki, ya fara da tsohuwar waƙa ko tasa ta kansa, kada ya zauna jiran amsar kamfani kamar yadda na yi. Duka-duka abin da ya fita daga aljihuna bai kai dala 260 ba, ban da kuɗin man da nake cusa wa Baba yana mayar mini.

Takardar rajistar waƙar ta iso ta gidan waya bayan wasu watanni, tana hannun mai goge, ya ce ya fi ni wurin ajiya. Talata kuma har yanzu ni ne a bakin ƙofar shanu, don yaron da aka ba ni in koya wa bai daina yi musu ihu ba tukuna.